Asalin Kalma: Na'ura

A ajujuwan sakandare na Ikara, Makarfi da Kudan, malami kan ce "na'ura mai ƙwaƙwalwa", ɗalibai kuwa da an tashi sai su ce kwamfuta.

Na'ura aro ce daga Larabci. A can sunan wani ƙaton gargare ne na katako, wanda ruwan kogi ke juyawa, yana kamfato ruwa yana juyewa a magudanar da ke kai shi gonaki. Har yau akwai irinsu a birnin Hama na Siriya. Da kalmar ta shigo Hausa sai ta yalwata, ta zama sunan kusan duk abin da ke aiki da wuta ko mai. Amma manomin rake a Makarfi inji yake kiran abin ban ruwansa. Ita kwamfuta ta Turanci ce, tushenta kalmar Latin mai nufin lissafi.

A ganina kowanne aka faɗa daidai ne, muddin yaro ya taɓa abin da hannunsa. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Shugabanni da iyaye, a taimaka a kai wa makarantunmu na'urorin, da wutar da za ta kunna su.