Turancin Baka: Abin da Matashin Ɗorayi Ya Kamata Ya Sani

Turancin baka shi ne iya sauraro da mayar da amsa cikin Ingilishi nan take. Matasa da yawa a Ɗorayi, cikin ƙaramar hukumar Gwale, sun ci Turanci a WAEC ko NECO, amma harshe kan sarƙe idan aka kira su ganawar neman aiki a masana'antun Sharaɗa, Challawa ko Bompai.

Tushen matsalar

Hatta ɓangaren furuci na waɗannan jarrabawa a kan takarda ake amsa shi. Ɗalibi yana zaɓen amsa ne bai buɗe baki ba. Ga kuma Kano, inda Hausa ta wadatar a kasuwa da masallaci da cikin Adaidaita Sahu, har baƙo ma ita yake koya. Saboda haka Turanci kan tsaya a aji.

Me ya sa ya shafi siyasa

Sashe na 55 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce da Turanci za a gudanar da Majalisar Tarayya, sannan da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadi. Sashe na 97 ya ba majalisun jihohi damar ƙara harshen gida. A aikace, kasafin kuɗi da muhawarar Abuja da takardar ɗaukar ma'aikaci duk da Turanci suke. Wanda bai iya yin tambaya da shi ba, sai abin da tafinta ya ga dama ya faɗa masa.

Inda Bahaushe kan yi tuntuɓe

Hausa ba ta bambanta sautin p da f, shi ya sa pan da fan kan zama ɗaya. Sautin v kan koma b. Hausa ba ta son cunkoson baƙaƙe, sai ta cusa wasali, kamar yadda aka sami burodi da sukurudireba. Sannan Hausa da karin sauti take aiki, Turanci kuwa da nauyin gaɓa.

Hanyoyin gyara

Na farko, sauraro kullum: a ɗauki gajeren labari daga rediyo ko YouTube, a maimaita jimla bayan jimla da ƙarfi. Na biyu, a naɗi murya a waya, a saurara, a gyara sauti ɗaya a mako. Na uku, majalisar unguwa ta ware rabin awa ta muhawara da Turanci kan abin da ya dami kowa, kamar wutar lantarki ko mafi ƙarancin albashi, da sharaɗin ba a dariyar kuskure. Tsohuwar harabar Jami'ar Bayero tana kusa, ɗalibanta na iya jan ragamar zaman.

Mai shirin IELTS ya sani cewa sashen magana hira ce ta minti 11 zuwa 14 da mai jarrabawa, kuma fahimtar zance ake aunawa, ba a neman muryar mutanen Ingila.