Kwali daga Kano, faifai daga rumfa: yadda aka gurza finafinai a kasuwar Tawa

Tun daga shekarar 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, finafinan Hausa na bidiyo suka kama hanyar da fatake suka daɗe suna bi: daga Kano zuwa Sakkwato, a ƙetare iyaka tsakanin Illela ta Najeriya da Birnin Ƙonni, sannan a miƙe zuwa Tawa. Daga nan ƙananan ƴan kasuwa ke kwasa zuwa Keita da Abalak da kasuwannin ƙauyen Adar. Masu kallo na wancan zamani sun sha kuka da hoto mai dishi-dishi da sauti mai shaƙewa, kuma yawanci mai rumfa suke ɗora wa laifi, alhali asalin matsalar tana can Kano, cikin tsarin cinikin kansa.

A kasuwar Ƙofar Wambai, wadda ita ce cibiyar sana'ar a wancan zamani, mai shirya fim ba ya sayar da kaset. Kwali yake bugawa, wato rigar kaset mai hotunan ƴan wasa, ya sayar wa dillalai, ya ba su uwar kaset. Dillali shi ke sayen kaset maras komai, ya gurza fim ɗin da injinansa gwargwadon abin da kasuwa ta nema. Brian Larkin, wani masani ɗan jami'a a Amurka, ya bayyana wannan tsari a littafinsa Signal and Noise na 2008. Dabara ce ta mai ƙaramin jari, domin babu wanda zai tara kayan da ba a saya ba. Amma ta raba mai fim da ingancin abin da ke isa hannun mai saye: kuɗinsa na jikin kwali, abin da ke ciki kuwa ba ruwansa. Kaset kuma duk gurzawa sai ta rage masa kyau, kuma wanda ya iso Tawa sau da yawa jikan uwar kaset ne ko tattaɓa-kunnenta.

Da faifan bidiyo ya karɓe kasuwa a shekarun 2000, wanda Kanawa ke ce wa sidi, mutanen Nijar kuma sede, an zaci an rabu da wannan ciwo, tunda kwafin faifai ba ya raguwa kamar na kaset. Sai wani ciwon ya ɓullo. Faifai iri biyu ne, ko da yake ido ba ya saurin bambanta su. Akwai na masana'anta, wanda ake dannawa da zubi, bayanansa a sassaƙe cikin roba. Akwai kuma wanda ake ƙonawa da kwamfuta a shago, bayanansa a rubuce kan wani siririn rini da hasken laza ya taɓa. Na biyun shi ne na ɗan kasuwa mai zaman kansa, domin masana'anta ba ta karɓar aikin faifai ashirin ko talatin. Rinin nan kuwa ba ya jure rana da zafi, ga shi a Tawa zafin watan Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, faifai kuma a shanye yake kan tebur cikin leda, ƙurar hunturu na karce shi. A ƙara da cewa tsarin VCD, wanda aka fito da shi a 1993, ya rage kariyar gyaran kuskure don a samu wurin cusa hoto na minti 74 zuwa 80. Ƙaramin karce ya isa ya daskarar da fuskar jarumi ana tsakar waƙa. Kaset ko ya tsufa yana nuna wani abu; faifai in ya ƙi, ya ƙi ke nan.

Asarar kuwa kan ƙaramin mai sayarwa take faɗawa. Shi mai saye ya sani, shi ake mayar wa da faifai ranar kasuwa, kuma ba shi da wanda zai mayar wa, tunda dillalinsa na wata ƙasa. In ya sayi faifai mai tsada ya ƙona a hankali, maƙwabcinsa mai ƙonawa da gaggawa kan faifai mai araha zai karya masa farashi. Ta haka kasuwa da kanta ta riƙa hukunta mai neman inganci.

Ba a gyara faifan ba har wayar salula ta kawar da shi. Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan arewacin jihar Tawa, ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, kuma waƙoƙin sun bazu ne daga waya zuwa waya ta katin ajiya da Bluetooth, ba tare da wani kamfani ya buga su ba. Ɗaya daga ciki ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones da kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland ya fitar a 2011. A 2014 kamfanin ya buga kundin Anar gaba ɗaya, a kan faifan garmaho na masana'anta.