Rage Shan Maganin Ƙwannafi na Dogon Lokaci a Tsakanin Tsofaffin Sojoji: Darasi ga Kudancin Garin Kaduna

Tsakure

Maƙalar ta nazarci hujjojin raba tsofaffin sojoji da magungunan rage asid na ciki, irin su omeprazole, idan babu lalurar ci gaba da sha. Ta nuna cewa dawowar zafin ƙirji bayan daina magani ita ce babbar matsalar da ya kamata a fara magancewa.

Gabatarwa

Omeprazole da danginsa suna toshe famfon da ke fitar da asid a bangon ciki. Yawancin masu ƙwannafi mako 4 zuwa 8 ya ishe su. Amma a Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha, inda 'yan fansho na soja ke zaune cikin jama'a, ana sayen maganin a kemis ba tare da takardar likita ba, kuma kusan kowane zafin ciki sunansa "olsa". Ta haka maganin wata biyu ke zama na shekaru.

Waiwaye

Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan karayar ƙashi a 2010, da ƙarancin magnesiyam a 2011. Masu bincike Xie da Al-Aly, daga bayanan tsofaffin sojojin Amurka, sun alaƙanta maganin da ciwon ƙoda a 2016. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin hujjar a raba kowa da shi. Wannan matsayi yana da rauni, domin alaƙa ba sababi ba ce. Gwajin COMPASS na 2019, mai mutum 17,598, ya bi masu shan pantoprazole kimanin shekara uku, bai ga ƙarin illa tabbatacciya ba sai cutar hanji. Haka kuma Kurlander da abokan aikinsa sun ruwaito a 2024 cewa shirin rage maganin a asibitocin tsofaffin sojoji na yankin Texas ya rage sha har a tsakanin masu buƙatarsa don kariya daga zubar jini.

Hanyar Nazari

An bibiyi nazarce-nazarcen da aka wallafa daga 2009 zuwa 2024, aka auna su da yanayin sayen magani a yankin.

Sakamako

Hujja mafi nauyi ita ce ta Reimer da abokan aikinsa a Denmak, 2009. Sun raba mutum 120 masu lafiya gida biyu: ɗaya ya sha esomeprazole mako 8 sannan aka janye, ɗayan ya sha ƙwaya marar magani. Kashi 44 cikin ɗari na rukunin farko sun yi fama da ƙwannafi ko ɓacin ciki bayan janyewa, rukuni na biyu kuwa kashi 15. Dalili shi ne idan asid ya ragu, jiki yana ƙara sinadarin gastrin, ƙwayoyin samar da asid su ƙaru, da zarar an daina sai asid ya yi ambaliya na 'yan makonni.

Tsohon sojan da ya daina sha, kwana kaɗan ƙirji ya ɗau zafi, zai ce olsa ce ta dawo, ya koma kemis. Saboda haka bayani tun kafin dainawa shi ne ginshiƙi: a gaya masa zafin zai zo kuma zai wuce, a rage yawan maganin a hankali ko kada ya sha sai in ya ji zafi, a ba shi famotidine ko maganin ruwa mai kashe asid.

Haka kuma a yi gwajin ƙwayar Helicobacter pylori, mai haddasa olsa, ta bayan gida, domin ƙiyasin Hooi na 2017 ya sa yawanta a Nijeriya kusan kashi 88. Ana dakatar da omeprazole mako 2 kafin gwajin. Wanda ya taɓa aman jini, ko yake haɗa asfirin da diclofenac saboda ciwon gaɓoɓi, likita ne zai yanke hukunci a kansa.

Iyakoki

Yawancin alƙaluman sun fito ne daga Turai da Amurka, kuma mutanen Reimer masu lafiya ne. Amma aikin gastrin a jikin ɗan Adam ɗaya ne.

Kammalawa

Ya kamata asibitocin yankin, irin su Gwamna Awan da St. Gerard's a Kakuri, su riƙa rubuta dalilin bayar da maganin da ranar dainawa a katin kowane majinyaci, masu kemis kuma su tura wanda ya wuce mako 8 wurin likita.