Daga Tambarin Gobir Zuwa Jitar Lantarki: Tarihin Auna Shekaru da Darajar Abin Kiɗa

Gabatarwa

Duk abin kiɗan da ya daɗe a hannun jama'a yakan jawo tambayoyi biyu, wato shekarunsa nawa, kuma mece ce darajarsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta kwatanta yadda ake amsa waɗannan tambayoyi game da kayan kiɗan fada na ƙasar Gobir, musamman Sabon Birni da Isa, da yadda ake amsa su game da jitar lantarki ta hannu, wadda baƙuwa ce a wannan sashe. Za a ga cewa hanyoyin biyu sun faro daga wurare mabambanta, amma sun haɗu a kan ma'auni guda.

Ma'aunin Fada

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, sarautar Gobir ta rarrabu. Wani reshe ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sa'an nan Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni a rabi na biyu na ƙarni na 19. Ita kuwa Isa, sarautarta tana hannun zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A irin waɗannan fadoji tambari alamar mulki ne. Ba a kaɗa shi sai don sarki, abin da ya sa ake cewa tambarin talaka cikinsa. Ba a kai shi kasuwa, balle dillali ya yi masa kuɗi. Shekarunsa kuwa da jerin sarakuna ake ƙirga su, a ce an gaje shi tun zamanin wane. Fata takan tsufa a sake ta, icen ya ci gaba da amsa sunansa.

Haka abin yake ga kotso, wanda da shi Ibrahim Narambaɗa Tubali ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙoƙi har zuwa rasuwarsa a farkon shekarun 1960. Ice da fata ne kawai, kowane masassaƙi na iya yin irinsa. Hannun da ya kaɗa shi da fadar da aka kaɗa shi su ne suka ba shi martaba.

Zuwan Jita

An fara sayar da jitar lantarki a Amurka a 1932. Kamfanin Fender ya fito da samfurin da ya zama Telecaster a 1950 da Stratocaster a 1954, Gibson kuma ya fito da Les Paul a 1952. Jita ba ta sami gurbi a fadojin Gobir ba. Amonta ya iso ne ta rediyo da kaset, daga makaɗan kudancin Nijeriya, da kuma daga arewa, inda samarin Buzaye da fari ya kora zuwa Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 suka mayar da ita muryar kewar gida. A Maraɗi, maƙwabciyar Sabon Birni, Sa'adu Bori ya rera waƙoƙin Hausa da rakiyar jita. A 2008 kuma Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa wanda ya fara koyo da jitar da ya haɗa da wayar birkin keke, ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko a birnin Sakkwato.

Galibin jitocin da ke yawo a wannan yanki na hannu ne, sun bi ta hannuwa da dama. Saboda haka wanda bai san alamominsu ba, cinikin biri a sama zai yi.

Shaidun Shekaru

Sabanin tambari, jita tana ɗauke da shaidunta a rubuce, kuma manya daga cikinsu uku ne.

Na farko, lambar ƙira. Fender ya riƙa buga ta a kan farantin ƙarfen da ke bayan wuya har zuwa 1976, daga nan ya mayar da ita kan jitar, tare da harafi mai nuna zango: S ga shekarun 1970, E ga 1980, N ga 1990. Gibson kuwa daga 1977 zuwa 2005 ya yi amfani da alƙaluma takwas, inda na ɗaya da na biyar ke ba da shekara, ukun da ke tsakaninsu kuma su ba da rana. Alal misali, 82765501 na nufin rana ta 276 a shekarar 1985.

Na biyu, kwanan watan da ma'aikatan Fender kan rubuta da fensir ko su buga da hatimi a gindin wuya. Ba a ganinsa sai an kwance kusoshi.

Na uku, lambar da ke bayan mamurɗin sauti. Idan an ga 1376512, to 137 alamar kamfanin CTS ce, saura kuma na nufin mako na 12 na 1965. Wannan ba ta faɗin ranar da aka gama jitar, illa dai ta nuna ba a gama ta kafin wannan mako ba, muddin ba a sauya mamurɗin ba.

Shaida ɗaya ba ta isa hukunci, domin ana iya ɗaura tsohon wuya a sabon jiki, kuma ana buga sunan Fender ko Gibson a kan kwaikwayo. Tun shekarun 1970 masana'antun Jafan suka ƙware wajen kwaikwayo, har shi Fender da kansa ya fara ƙera samfurin Squier mai rahusa a can a 1982. Sai shaidun uku sun yi daidai da juna kafin a yanke magana.

Daraja

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma a kasuwar jita tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Masu tara kayan tarihi sun fi daraja Fender da aka ƙera kafin kamfanin CBS ya saye masana'antar a 1965, da Les Paul na 1958 zuwa 1960, wanda adadinsa bai kai dubu 2 ba. Sharaɗinsu shi ne kome ya kasance na asali. Sake fenti ko sauya maganaɗisun ɗaukar sauti yakan karya farashi ƙwarai. A nan ma'aunin nasu ya yi hannun riga da na makaɗin Sahel, wanda ƙura da zafi da ƙarancin kayan gyara suka tilasta masa faci, kuma a wurinsa jita mai daraja ita ce wadda wuyanta bai karkace ba, amonta bai dushe ba.

Sai dai kuma akwai abin da ke rushe wannan sharaɗi. A 2019 an yi gwanjon baƙar Stratocaster ta David Gilmour a kan dala 3,975,000, alhali an sha sauya mata wuya da kayan ciki. Mai saye bai biya kuɗin ice da waya ba, hannun da ya kaɗa ta ya biya. Ashe ma'aunin ƙarshe a kasuwar Turawa shi ne wanda fadar Gobir ta daɗe da sani.

Kammalawa

Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tilasta wa dubban mutanen gabashin jihar Sakkwato ƙaura zuwa jihar Maraɗi. Mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar kotso, kuma abin da ya rage a hannunsa a kan araha yake rabuwa da shi. Jitar da ta ɓata shekara 50 za a iya karanta lambarta ran da aka same ta. Tambari da kotso ba su da lamba, salsalarsu tana bakin dattawa ne kawai. Tun a 1971 Ames da King suka tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da bayanansu a littafi. Aikin da ke gaban ɗaliban ilmi shi ne su bi kayan ɗaya bayan ɗaya, su rubuta wanda ya sassaƙa kowanne, da wanda ya kaɗa shi, da sarkin da aka kaɗa wa, tun masu iya ba da wannan shaida suna raye.