Addinin Hindu: Addini ne ko tsarin rayuwa?

Addinin Hindu na da mabiya sama da biliyan ɗaya, mafi yawansu a Indiya, inda ƙidayar shekarar 2011 ta nuna su ne kashi 79.8 cikin 100 na al'ummar ƙasar. Masana da alƙalai sun daɗe suna muhawara kan ko addini ne shi ko kuwa tsarin rayuwa.

Asalin sunan

Kalmar ta fito ne daga sunan kogin Sindhu, wanda Farisawa ke furtawa Hindu. Da farko mazauna yankin ake nufi da ita. Sai a ƙarni na 19, zamanin mulkin Ingila, aka tattara ibadu da al'adu mabambanta ƙarƙashin suna ɗaya.

Inda ya sha bamban

Musulunci da Kiristanci suna da wanda ya zo da su, da littafi guda, da aƙidar da ake shaidawa. Addinin Hindu ba shi da wanda ya kafa shi, ba shi kuma da shugaba ɗaya. Littattafansa na da yawa, ciki har da Veda guda huɗu da Upanishad da Bhagavad Gita. Wasu na bauta wa Vishnu, wasu Shiva, wasu kuma na ganin duk allolin siffofi ne na hakika ɗaya. Ginshiƙinsa shi ne "dharma", wato nauyin da ke kan mutum a aure da sana'a da abinci da mu'amala.

Amma wannan ba ya nufin babu tsari. Akwai cibiyoyi huɗu da ake danganta wa malami Shankara, a Sringeri da Dwarka da Puri da Joshimath. Babban wurin bauta na Tirupati kuwa hukuma ce ke tafiyar da shi ƙarƙashin gwamnatin jihar Andhra Pradesh.

A gaban kotu

A wata shari'a da aka yanke a 1966, mabiya ɗarikar Swaminarayan sun ce su ba Hindu ba ne, don kada dokar buɗe wuraren bauta ga 'yan Dalit, waɗanda ake ƙyamata, ta hau kansu. Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa, tana mai bayyana addinin a matsayin tsarin rayuwa mai faɗi da ya haɗa har da su.

A 1995, kotun ta sake amfani da wannan fassara, inda Mai Shari'a J.S. Verma ya yanke cewa ambaton "Hindutva" a yaƙin neman zaɓe ba lallai ya zama neman ƙuri'a da addini ba, abin da dokar zaɓe ta 1951 ta haramta. Masu kishin Hindu sun yi maraba da hukuncin. Masu suka kuwa na cewa idan Hindu ne tsarin rayuwar Indiya baki ɗaya, to an bar matsayin Musulmi, waɗanda su ne kashi 14.2 cikin 100, da Kiristoci cikin shakka.