Garmaho, Kaset da Masu Adana Waƙoƙin Makaɗan Hausa

Kafin zuwan na'urar ɗaukar murya, waƙar makaɗin Hausa ba ta da ma'ajiya sai ƙirjin mai ita da na 'yan amshinsa. In sun kau, ta bi su. Garmaho ne ya fara sauya wannan hali a zamanin mulkin mallaka. Sai dai faifansa mai juyi 78 a minti guda yana da saurin fashewa, kuma kowane gefe kimanin minti uku yake ɗauka. Saboda haka doguwar waƙa sai an datse ta.

Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya ɗauki muryoyin makaɗa da dama. Amma kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ne ya miƙa aikin adanawa ga talaka. Daga shekarun 1970 direbobi da teloli da 'yan kasuwa suka riƙa ɗaukar waƙa a wurin biki ko daga rediyo, suna kwafa, suna musaya. Ta wannan hanya waƙoƙi da yawa na Musa Ɗanƙwairo (ya rasu 1991) da Mamman Shata (ya rasu 1999) suka iso gare mu.

Illar ita ce, kwafi bai cika ɗaukar shekara ko wurin da aka rera waƙa ba. Wannan sani yana kan mai kaset ɗin. Ga shi zafi da ƙura suna cin zaren, magada kuma ba lalle su san darajarsa ba. Ya wajaba manazarta su nemi waɗannan dattawa, su kwafi abin da suka tara, su kuma rubuta abin da suka tuna tun suna raye.