Araha Ba Ta Ado: Abin Da Ya Faru a 2008

Duk macen da ta saba shiga Kantin Kwari ta san ba a sayen atamfa da ka. Sai kin warware turmi, kin murza, kin duba bakinsa, kin tambayi mai shago ko tana zuba, sannan ki haye wani layin ki ji nasu farashin. To abin mamaki, wannan wayon namu bai bi mutane zuwa kasuwar hannun jari ba, lokacin da guguwarta ta taso a ƙasar nan.

Ita wannan kasuwa an kafa ta a Legas a 1960, aka buɗe reshenta a Kano a 1989, amma yawancin talakawa ba su san da zamanta ba sai a 2004. A shekarar ne gwamnan Babban Bankin Najeriya, Charles Soludo, ya ce dole kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. Don su cika sharaɗin, sai suka bazama neman kuɗin jama'a. Talla a rediyo, talla a jarida, ma'aikatan banki suna bin 'yan kasuwa har shago da fom a hannu. Wanda ya saya da wuri ya ga kuɗinsa ya ninka, labari ya bazu, kowa ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba.

Da na bankuna suka yi tsada, sai masu ƙaramin ƙarfi suka koma kan ƙananan kamfanoni, musamman na inshora, waɗanda hannun jarinsu yake 'yan kwabbai ko naira ɗaya da wani abu. Lissafin kuwa shi ne, ai da kuɗi kaɗan za ka kwashi dubbai, in ya tashi ka huta. Wasu kamfanonin ma ba su shiga kasuwar ba tukuna, sai suka sayar a keɓe da alkawarin za su shiga, wasunsu kuma ba su cika alkawarin ba. Masu tambayar me kamfanin yake sayarwa, ko nawa ya ci riba bara, ba su da yawa. Har rance bankuna suka riƙa bayarwa don a sayi hannun jari.

A watan Maris na 2008 darajar kasuwar ta haura naira tiriliyan 12. Daga nan ta fara gangarowa, tattalin arzikin Amurka da Turai ya rikice, Turawan da suka zuba kuɗi suka janye abinsu. Kafin shekara ta zagayo ta koma ƙasa da tiriliyan 5. A watan Agusta na 2009 Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya gaji Soludo, ya sauke shugabannin bankuna 5, wato Intercontinental, Oceanic, Afribank, Finbank da Union. A 2011 gwamnati ta karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu.

Na ƙananan kamfanonin fa? Nan abin tausayin yake. A wancan lokacin doka ta hana hannun jari ya faɗi ƙasa da kwabo 50. Da yawa suka sauko kan kwabo 50 ɗin suka maƙale shekara da shekaru, masu sayarwa jingim, mai saye babu. Sai a 2018 aka cire wannan ƙa'ida, wasu suka ƙara zubewa. Atamfa ko ta zuba kya yi zanin aikin gida da ita, takardar da ba mai saye kuwa sai ajiya a ƙasan akwati.

Ba cewa nake hannun jari mugun abu ba ne, akwai kamfanonin da suka farfaɗo suka ci gaba da raba riba. Magana ita ce, arahar farashi ba ita ce shaidar alheri ba. Kafin ki kwashi adashinki ko ki sayar da sarƙarki, 'yar uwa, ki san sana'ar kamfanin, kuma halal ce ko a'a. Ki nemi rahotonsa na shekara, in karatun ya yi miki nauyi ki ba wanda ya iya, wanda ba shi da kamasho a ciki. Ki tambaya shekara nawa ya yi yana raba riba, kuma in kin so sayarwa gobe akwai mai saye? Ki tabbata dillalin yana da rajista da hukumar SEC. Kada ki ci bashi ki saya, kada kuma ki taɓa kuɗin makarantar yara ko na marayu.

Duk wanda ya ce miki ki yi sauri kafin a rufe, ki ce masa ko a Kwari sai an warware turmi ake biya. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya tsare mana ɗan abin da muka tara, Ya sa masa albarka, amin.